Wayoyina na Ɗaki na Uku

Asabar, bayan la'asar

"Mama, ba zan taɓa wayoyinki ba. Suna nan inda kika sa su har sai sabon tsarin ya cinye bazara guda bai yi ko tari ba."

Haka ya ce. Na rubuta ne don kada gobe a ce tsufa ya fara sa ni ƙirƙirar magana. A ofishin gona ya faɗa, ranar da na miƙa masa makullai saboda aikin da za a yi mini a gwiwa. Mahaifinsa yana zaune a wurin. Dogo, mai kula da ɗakunan kaji tun gonar tana ɗaki ɗaya, yana tsaye a bakin ƙofa. Har hannu ya ɗora mini a kafaɗa, ɗana, Injiniya, mai takardun jami'a a jikin bango.

Yau na dogara sanda na je ɗaki na uku, na kwance murfin bututun da ke bin bango. Babu wayata ko ɗaya. Kebul ɗinsa ne kwance a ciki, shuɗi, sabo fil, ya miƙe ƙafa shi kaɗai kamar ya gaji wurin.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Laraba ba. An kwashe, an wanke, an fesa magani, an ɗage labulaye. Warin dai bai tafi ba. Ɗakin ya yi wani irin shiru da ban taɓa ji a gonar nan ba.

Lahadi, da hantsi

Bari in rubuta yadda abin yake, tunda yanzu kowa a gidan nan masanin lantarki ne sai ni da na ƙarar da ƙuruciyata a gindin injinan masaƙa.

Kowane ɗaki yana da manyan fankoki a bangon ƙarshe, su ke zuƙe zafi su fitar. Kowace fanka tana da inbatarta, akwatin da ke ƙara wa injin gudu ko ya rage. Rigimar duka a kan abu ɗaya take: ta wace hanya za a gaya wa inbata irin gudun da ake so?

A tsarina, kowace inbata da wayarta daga akwatin kula. Ɗan lantarki ne ƙanƙani ke bin wayar. Miliamfa huɗu, a tafi a hankali. Ashirin, a buɗe wuta. Abin da ke tsakani kuma, gudu na tsakani. Shi ne analog. Idan ɓera ya ci waya, fanka ɗaya ce ta rasa umarni, 'yan uwanta suna ta aikinsu.

A tsarinsa, kebul ɗaya ne ya bi inbatocin ɗaki duka kamar zare a cikin duwatsun wuya. Yana kai musu saƙo da lambobi, suna mayar da amsa: wuta kaza nake ci, zafina kaza. Yana ganin komai a wayar hannunsa ko da yana wani gari. Shi ne netwok. Abu ne mai kyau. Ban taɓa cewa ba shi da kyau ba, kuma duk wanda ya ce na faɗa ya yi mini ƙarya. Tambaya ɗaya na yi tun farko: idan zaren ya tsinke fa?

Lahadi, da yamma

Bai zo ba. Ya aiko matarsa da ledar lemo.

Litinin, da safe

Na same shi a ofis, ya duƙufa a kan kwamfuta, idanu jawur.

"Ina wayoyina?"

"Mama, ki zauna tukuna. Gwiwarki."

"Gwiwata ba ta tambaye ka komai ba. Ina wayoyina?"

Wai bututun ya yi ƙunci, kebul ba zai shiga ba sai an zare su. Wai ya so ya gaya mini, amma likita ya ce kada a ɗaga mini hankali.

"Madalla da likita. Ga shi yanzu hankalina a kwance yake luf."

Ya sunkuyar da kai. Na ɗauka haƙuri zai bayar. Ina! Sai ya ɗago ya ce, "Mama, ki yi mini adalci. Tsarinki kurma ne. Yana ba da umarni, ba ya jin amsa. Fanka za ta ƙone kina gida ba ki sani ba, sai wani ya shiga ya gani."

"Kurma ne," na ce, "amma ba ya suma."

"Matsalar sigina ce kawai. Za a gyara."

Kawai. Ɗaki guda cike da rai, kuma "kawai". Na juya na fita kafin bakina ya yi abin da ba ya ɗinkuwa.

Talata, da azahar

Dogo ya zo gaishe ni. Ya ƙi hawa kujera, ya zauna a ƙasa yana murza hularsa. Ban tambaye shi ba, shi ya fara.

"Hajiya, wallahi ina tsaye a gaban akwatin. Fankoki duka sun tsaya tsak, lokaci ɗaya, rana tana tsaka. Ga wuta akwai, fitilu na ci. Na kai hannu, kwaɗo ne a jikin ƙofar."

Ashe ba kwaɗo kaɗai ba. Injiniya ya cire fuskokin maɓallan inbatocin duka, ya zuba a aljihun teburinsa ya kulle, don ma'aikata na yawan taɓawa. Ko da Dogo ya fasa kwaɗon, akwatuna marasa fuska zai tarar. Gaskiya ne Dogo yana da hannun taɓe-taɓe, da ya ji zafi a wuyansa sai ya ƙara gudu. Na sha yi masa faɗa a kan haka. Amma faɗa nake yi, ba kwaɗo nake sawa ba.

Dogo ya kira Injiniya har ya gaji. Yana taro, ya rufe bakin wayar, hankalinsa kwance tunda ƙararrawa za ta shigo masa in wani abu ya faru. Ƙararrawar kuwa ta wace hanya za ta zo? Ta kebul ɗin da ya mutu. An aiki gawa ta kai labarin rasuwarta.

Sun ɗage labulaye, sun yi ta watsa ruwa da bokitai. Ya fara gaya mini yadda kajin suke buɗe baki, na ce ya isa.

"Hajiya, ko laifina ne?"

Na ce masa in ya sake faɗin haka zan maka masa sandar nan. Ya yi dariya, ya share ido da hular.

Alhamis, da hantsi

Mutumin kamfanin da ya sayar da kayan ya zo. Kwat a cikin wannan zafi, turare kamar an fasa kwalba. Zan kira shi Mai Kwat.

"Ranki ya daɗe, ai duniya ta wuce analog. Manyan masana'antu duk netwok ne yanzu."

"To. Idan saƙo ya yanke, me inbata za ta yi?"

"Ai ba ya yankewa, ranki ya daɗe."

"Ya yanke ranar Laraba."

"To, wannan na daban ne."

Duk tambayar da na yi, sai ya juya ya ba Injiniya amsa. Na ce, "Bawan Allah, ni na yi tambayar, kuma fuskata tana nan ɓangaren."

Amsar da ya ƙi faɗi na riga na san ta. Jinya ta ba ni lokaci, na karanta littafin inbatar daga bango zuwa bango, har ƙananan rubutun ƙasan shafi. Yadda take fitowa daga kamfani, idan ta daina jin saƙo, tsayawa take yi. A masaƙa wannan shi ne daidai: injin da ya daina jin umarni gara ya tsaya kafin ya cinye hannun wani. A ɗakin kaji, tsayawa ita ce yanka. Babu wanda ya buɗe shafin nan. Sun ɗora tsarin masana'anta a kan abin da ke numfashi.

Maganin Mai Kwat? A sayi wani akwati a ƙara a kan kebul ɗin. Har hoton ya nuna mini. Na ce akwatin kyakkyawa ne, Allah ya kawo masu saye.

Juma'a, bayan azahar

Na sa an kai mini kujera gaban akwatin ɗaki na biyu, na sa Injiniya ya buɗe kwaɗon, na zauna ina kallon 'yar fitilar netwok tana ƙifta ido. Kore, kore, kore. Ma'aikata na wucewa suna satar kallona kamar mai gadin mahaukaci.

Sai aka tayar da injin niƙan abincin kaji a can baya. Fitilar ta yi ja, ta dawo kore, ta sake yin ja.

Na bi kebul ɗin da sandata. A cikin ɗaki yana bututuna, lafiya lau. Da ya fita zuwa ofis, sai aka bi gajeriyar hanya, aka ɗaure shi tamau a jikin ƙatuwar wayar injin niƙa, ɗauri mai kyau, a jere, gwanin sha'awa. Kamar a sa mutum ya yi raɗa a kunnen wani, mai ganga na dukanta a tsakaninsu.

Na nuna wa Injiniya. Ya daɗe yana kallo.

"Za a raba su. Sai an haƙa rami daban, sai mai haƙa ya samu lokaci. Kafin nan zan canza saitin, in saƙo ya yanke su ci gaba da gudun da suke kai. Shi ke nan kawai."

Kawai.

Asabar, da safe

Gwiwar ta kumbura. Kai ma haka.

Litinin, da yamma

Bari in rubuta abin da ya faru yau.

Da sanyin safiya saƙo ya yanke a ɗaki na biyu, lokacin fankoki suna tafiya a hankali. Suka yi biyayya ga sabon saitin: suka ci gaba a hankali. Rana ta ɗaga, zafi ya hau, suna nan suna juyi kamar masu fifita wa jariri. Daga waje babu wanda zai gane, ai suna juyawa. Allah ya sa tun ranar Juma'a na hana a mayar da kwaɗon ɗakin, na sa aka maido fuska ɗaya. Dogo ya shiga ya ji iskar ta yi nauyi, ya bi inbatocin da fuskar nan ɗaya bayan ɗaya, yana cirewa yana maƙalawa, yana ƙara gudu da hannu.

An kwashe kaɗan. Ban tambayi nawa ba.

Injiniya ya iso a guje, riga a jiƙe. Ya tsaya a ƙofa. Wannan karon bai ce "kawai" ba.

Laraba, da hantsi

Dole in rubuta wannan ma, don ba na son littafin nan ya zama na maƙaryaciya.

Jiya Injiniya ya kira Dogo ya ce a duba fanka ta ƙarshe a ɗaki na ɗaya, wai tana cin wuta fiye da 'yan uwanta. A ido lafiyarta ƙalau, a kunne ma haka. Aka kwance, boris ɗin da injin ke juyawa a kansa ya bushe ƙamas, saura ƙiris ya kama. A tsarina ba zan sani ba sai ta yi hayaƙi. Netwok ɗinsa ne ya ji ta tana nishi.

Na gaya masa haka a gaban Dogo. Na ce, "Wannan aiki ya yi kyau." Har kunnuwansa suka motsa, kamar lokacin da yake kawo mini sakamakon jarrabawa.

Sai na ce masa abin da nake so tun farko. A bar kebul ɗinsa ya zama ido da kunne, ya ji nishin kowace fanka, ya kai masa labari duk inda yake. Amma bakin da zai ba da umarnin gudu ya zama waya, kowace inbata da tata. Inbatocin sun yarda da haka, yana cikin littafinsu. A ja sabon bututu a gefen nasa, aikin yini biyu ne.

Fuskarsa ta rufe nan take.

"Tsari biyu a ɗaki ɗaya, Mama? Ba haka ake yi yanzu ba. Mutane su zo su ga an koma baya?"

Waɗanne mutane? Kaji ba sa karanta mujallar injiniyoyi.

Na san abin da ke cinsa. Ranar da ya mayar da wayoyin nan, ya amsa da hannunsa cewa laifin ranar Laraba nasa ne. Gara ya yi ta lallaɓa saiti har tashin duniya.

Alhamis, bayan magariba

Malam, maigidana, ya ajiye jaridarsa ya ce, "Sarkin wuta, ki sassauta. Yaron nan ba ya barci, matarsa ta ce abinci ma sai an yi da gaske."

"Ka ce ya je ɗaki na uku ya kwanta, akwai fili."

"Subhanallahi. Bakin nan naki."

"Da shi ka gan ni ka ce kana so."

Ya yi murmushi, amma bai sake ni ba. "Ke kika ba shi makullai a gaban mutane. In kika karɓe a gaban mutane, ba zai ƙara ɗaga kai a gonar nan ba. Kin san halinsa. Zai tattara ya bar garin, kuma ba gonar kaɗai zai bari ba."

Na ce na sani.

"To?"

Na ce shayinsa zai huce.

Na karanta tarihin masu mulki da yawa a rayuwata. Ban taɓa jin tausayin waɗanda suka sauka daga kujera suka koma suna leƙe ta taga ba. Yau ga ni a taga, har da sanda.

Asabar, da azahar

Masu ƙyanƙyasa sun kira. Sababbin 'yan tsaki za su iso ranar Juma'a mai zuwa. Ɗaki na uku za a zuba su. Injiniya ya tabbatar musu ba tare da ya gaya mini ba.

Mai haƙa rami bai zo ba. Akwatin Mai Kwat yana "kan hanya".

Sabuwar dabarar Injiniya: in saƙo ya yanke, fankoki su buɗe wuta gaba ɗaya. Ga manyan kaji, to, da dama. Ga ɗan tsakon kwana ɗaya da bai fi dunƙulen auduga ba? Iskar za ta kwashe ɗumin ɗakin kafin Dogo ya sa takalmi. Littafin ya ba da zaɓi uku in saƙo ya yanke: a tsaya, a ci gaba yadda ake, ko a koma wani gudu da aka ƙayyade. Na farko mun gani. Na biyu mun gani. Na ukun yake so mu gwada a kan jarirai.

Babu saitin da zai maye gurbin umarnin da bai iso ba. Na faɗa masa da Hausa, na faɗa masa da lissafi. Ya ce zai duba.

Lahadi, da la'asar

Na shiga sito neman bututu, in ga ko akwai ragowa. A can saman kanta, bayan kwalayen magani, na hango wani ƙunshi a leda. Na sa Dogo ya sauko da shi.

Wayoyina ne. An naɗe kowace daban, naɗi mai kyau, irin wanda na koya masa yana ƙarami, a kan gwiwar hannu ba a murɗe ba. 'Yan alamomin da na liƙa da rubutuna suna nan, fanka ta ɗaya, fanka ta biyu. Inda tawada ta koɗe, ya bi ta da alƙalaminsa. Ya toshe bakin kowace da salatif don kada damshi ya shiga.

Na so a ce jefar da su ya yi. Da fushin ya fi sauƙin ɗauka.

Na ce Dogo ya fita ya ba ni wuri.

Litinin, da safe

Na je ofis, na sallami kowa, na rufe ƙofa da kaina. Na ajiye ƙunshin a kan teburinsa.

"Mama..."

"Yau ni zan yi magana, kai ka zama analog."

Ya kusa yin dariya. Ni ban yi ba.

Na maimaita masa alkawarinsa kalma da kalma. Na ce ban zo karɓar haƙuri ba, ban zo jin wa ya yi laifi ba, abin da aka kwashe ba zai dawo ba. Na ce kebul ɗinsa ba zan taɓa shi ba, ina so ya zauna, ya fi ni ji da gani. Amma ɗan tsako ko ɗaya ba zai shiga ɗaki na uku ba sai kowace fanka tana da wayarta, kowace inbata tana da fuskarta, kuma babu kwaɗo.

"In mutane suka tambaya fa?"

"Ka ce dabararka ce. Ni ba zan musa ba. Zan zauna a gida in yi jinyar gwiwata, in an tambaye ni in ce ɗana ne ya ga ya dace."

Ya zuba wa ƙunshin ido. Bai ce to ba, bai ce a'a ba.

Ga abin da na gaya masa, ga shi kuma a rubuce. Yana da daga yau zuwa azahar ɗin Laraba. In aka kira salla ranar ban ga sabon bututu a bangon ɗaki na uku ba, zan sa a ɗauko mini kujera da almakashin ƙarfe. Dogo zai datse kwaɗon, zai ja bututu, ni zan ɗaura wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ko gwiwar ta yarda ko ba ta yarda ba. In na gama, zan tara ma'aikata a bakin ofis, inda na ba shi makullai, in miƙa hannu. Malam ya ce zan rasa ɗa. Wataƙila. Na gaya wa Malam ba zan bari ɗan da na haifa ya sake tsayawa a ƙofar ɗaki yana jin wannan shirun ba, ko da zai ƙi ni a kai.

Da zan fita, na ciro ɗan ƙaramin sukudirebana daga jaka, mai jan mariƙi, wanda na zo da shi daga masaƙa. Shi kaɗai ke shiga ƙananan ƙusoshin inbatar ba tare da ya cinye musu kai ba. Na ɗora shi a kan ƙunshin.

Ko ya ɗauka, ko in dawo in ɗauka ranar Laraba.